In gafarar Allah kyauta ce, me ya sa aka ce in biya, aka kuma sa ni a horo?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Shi ne ma'ajin ƙungiyar matasa a ikilisiyarsu. Matsi ya same shi, ya taɓa kuɗin ƙungiya da niyyar mayarwa kafin lissafin ƙarshen shekara, hali bai yi ba. Da abin ya ishe shi, ya je da ƙafarsa ya faɗa wa fasto. Dattawa suka zauna, suka ce ya biya a hankali, suka kuma sa shi a horo. Ya ce tun yana makarantar Lahadi ake koya masa cewa gafara kyauta ce ta wurin bangaskiya, ba da aikin lada ba. To in kyauta ce, biyan na mene ne, horon kuma na mene ne? In kuwa sai ya gama biya Allah zai gafarta masa, ina kyautar take? Ya ƙara da cewa ya yi addu'ar tuba har ya gaji, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya.

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Zuwan da ka yi da kanka, ba tare da an kama ka ba, ba kowa ke iya shi ba. Amsarka a gajarce ita ce: Allah ba ya jiran ka gama biya. In ka tuba, ka dogara ga Yesu Almasihu, an riga an gafarta maka tun kafin naira ɗaya ta koma asusun. Kuma wajibi ne ka biya. Maganganun nan biyu ba sa karo da juna. Abin da ya ɗaure maka kai shi ne sanin wadda ke gaba da wadda ke biye.

Mu fara da girman bashin, domin a nan yawancinmu muke kuskuren lissafi. A Matiyu 18 Yesu ya ba da misalin wani bawa da sarki ke bin sa talanti 10,000. Mukan karanta mu wuce, don ba mu san darajar talanti ba. Talanti ɗaya dinari 6,000 ne, dinari ɗaya kuma shi ne ladan lebura na yini guda, kamar yadda Matiyu 20 ta nuna. Ka buga lissafin: dinari miliyan 60. Mutum ya yi aiki kullum, ba hutu, ba ciwo, bai ci ko kwabo a ciki ba, sai ya shekara fiye da 160,000 kafin ya gama. Marubucin tarihin Yahudawa, Yusufus, ya rubuta cewa harajin da Arkilayus ɗan Hirudus ke samu daga ƙasarsa a shekara kusan talanti 600 ne. Ka ga ke nan da gangan Yesu ya ambaci adadin da babu mahalukin da zai iya biya. Amma ji abin da bawan ya ce da ya faɗi gaban sarki: a yi masa haƙuri, zai biya duka. Lokaci ya roƙa. Sarki bai ba shi lokaci ba, domin lokaci ba zai amfane shi da komai ba. Tausayinsa ya ji, ya sake shi, ya yafe masa bashin gaba ɗaya.

Da na karanta tambayarka, muryar bawan nan na ji a ciki. Kana roƙon Allah ya ƙara maka lokaci ka gyara, sa'an nan ka cancanci gafara. Kuɗin matasa, kome yawansu, suna cikin sahun dinari 100 ɗin da bawan nan yake bin wani bawa ɗan'uwansa a cikin misalin, wato ladan wata uku da 'yan kwanaki, abin da mutum kan iya biya in ya daure. Cin amanar da ka yi a gaban Allah kuwa yana ɗaya sahun, tare da nawa zunuban da na dattawan da suka yanke maka hukunci. Wannan ba a biyan sa kashi-kashi.

Wani zai ce, haka kawai ake yafe bashi, ina adalci? Duk wanda ya taɓa ba da rance aka hana shi ya san bashin da aka yafe ba ɓacewa yake yi ba, mai kuɗin ne ya ɗauki asarar. Abin da Kirista ke nufi da gicciye ke nan. Bulus ya ce a Kolosiyawa 2:14 takardar bashin da ke kanmu an kawar da ita, an kafe ta a kan gicciye. A Romawa 3:25-26 kuma ya bayyana cewa Allah ya ba da Almasihu hadaya domin ya nuna shi mai adalci ne, shi ne kuma mai baratar da wanda ya gaskata da Yesu, wato mai lasafta shi marar laifi. Allah bai kau da kai daga satarka ba, bai ce ƙaramin abu ne ba. Ya kira ta da sunanta, ya kuma ɗauki nauyinta a kansa. An yi wannan tun muna masu zunubi, in ji Romawa 5:8, ba bayan mun kimtsa ba.

To ina bangaskiya ta shigo? Mutane da yawa sun mai da bangaskiya wani sabon aikin lada. Suna auna ta safe da yamma: ta kai? ta yi ƙarfi? na yi kuka yadda ya kamata? Bangaskiya ƙoƙon bara ce. Ba wanda ya taɓa ƙoshi don ƙoƙonsa ya yi kyau, ba kuma wanda aka hana wa tuwo don bakin ƙoƙonsa ya ɓalgace. Amfanin ƙoƙo shi ne a miƙa shi ba komai a ciki, a gidan da akwai abinci. Shi ya sa Bulus ya ce a Romawa 4 wanda ya yi aiki, ladansa haƙƙinsa ne, ba a kiran sa kyauta. Amma wanda bai dogara ga aiki ba, ya gaskata da mai baratar da marasa ibada, bangaskiyarsa ake lasafta masa adalci. Ka lura da waɗanda aka ce ana baratarwa: marasa ibada. Bulus ya kafa hujja da Ibrahim. A Farawa 15:6 Ibrahim ya gaskata da Ubangiji, aka lasafta masa adalci. A lokacin ba a haifi Isma'ilu ba tukuna. An haife shi Ibrahim na da shekara 86, kaciya kuwa sai da ya kai 99. Aƙalla shekara 13 ke nan tsakanin karɓuwarsa da alamar alkawarin. Karɓuwa ta riga alama.

Batun zuciyarka da ta ƙi kwanciya, ga abin da zan ce. 1 Yohanna 1:9 ta ce in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne, mai adalci kuma, zai gafarta mana, ya tsarkake mu daga dukan rashin adalci. Ba ta sa sharaɗin sai mun ji sanyi a rai ba. Gafarar tana rataye a kan amincinsa. A wasiƙar nan dai, 3:20, an ce in zuciyarmu ta hukunta mu, Allah ya fi zuciyarmu girma. Lamiri shaida ne mai amfani, shi ya kai ka gidan fasto, amma ba shi ne alƙali na ƙarshe ba. Kunya kan daɗe bayan an ɗauke laifi, musamman a wurin da kowa ya san kowa, ka shiga kasuwa ka ga kamar da kai ake. Kada ka ɗauki kunyar nan a matsayin saƙo daga Allah. Ka daina maimaita roƙon gafara a kan abin da ka riga ka furta, ka koma godiya, ko da bakin ne kawai ke yi zuciya ba ta bi ba tukuna.

Yanzu mu zo ga biya. Akwai mutum biyu a Linjila da suka mayar da kuɗin haram, ƙarshensu kuwa ya yi hannun riga. Na fari Yahuza Iskariyoti. Matiyu 27 ta ce da ya ga an yanke wa Yesu hukunci, ya yi da-na-sani, ya mayar wa manyan firistoci da shugabanni azurfa talatin ɗin nan, ya ce ya yi zunubi, ya ba da marar laifi. Dubi abin da ya haɗa: nadama, furci da baki, mayar da kuɗi cif-cif. In biya ke sayen gafara, Yahuza ya saya. Firistoci suka ce masa ina ruwansu, shi ta shafa. Ya watsar da kuɗin a Haikali, ya je ya rataye kansa. Ya kai laifinsa wurin waɗanda ba su da ikon ɗauke shi, bai koma wurin wanda ya ci amanarsa ba. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a daren da aka kama Yesu, ba shi da abin mayarwa sai hawaye, shi ne kuma aka ce wa ya yi kiwon tumaki a Yohanna 21.

Na biyu Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, a Luka 19. Mai arziki ne, kowa kuma ya san inda arzikin ya fito. Gajere ne, taro ya tare masa gani, ya ruga gaba ya hau itace, babban mutum da shi. Yesu ya iso gindin itacen, ya ɗaga kai, ya kira shi da sunansa, ya ce ya yi maza ya sauko, yau a gidansa zai sauka. Ka duba da kyau, har zuwa nan Zakka bai yi alkawarin komai ba, bai mayar da ko anini ba. Jama'a suka yi ta gunaguni, wai ya sauka a gidan mai zunubi. Sai bayan an karɓe shi ne ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa zai ba matalauta, wanda duk ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ba wanda ya sa shi. Shari'ar Musa a Littafin Firistoci 6 ta ce wanda ya ci amana ko ya yi ƙwace ya mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya bisa biyar a kai. Ninki huɗu hukuncin ɓarawon tunkiya ne da ya yanka ko ya sayar, a Fitowa 22:1. Zakka ya ɗora wa kansa mafi nauyin, da murna kuma. Yahuza ya mayar don ya sauke laifi daga kansa, bai sauku ba. Zakka ya mayar don an riga an sauke masa. Aikin hannu kusan ɗaya ne, abin da ya tura hannun ne daban.

Saboda haka dattawanku sun yi daidai da suka ce ka biya. Kuɗin nan guminsu ne, na ɗalibai da masu koyon sana'a da suka riƙa sa ɗari biyu, ɗari biyar, suna zaton za a sayi kayan kiɗa ko a je taro. Gafarar Allah ba ta mai da kuɗin wani naka ba. Yesu da kansa ya ce a Matiyu 5 in ka kawo baiko gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna rarrabe haƙƙin Allah da haƙƙin bayinsa, don haka zancen ba baƙo ba ne a kunnen mutanenmu. Inda koyarwar Kirista ta tsaya shi ne, cutar ɗan'uwa ita ma zunubi ce ga Allah, jinin Almasihu ya wadatar a kanta, wanda aka gafarta wa kuwa ba ya iya ci gaba da zama a kan kayan mutane hankali kwance. In ya iya, akwai dalilin tambaya ko ya tuba da gaske.

Abin da Yakubu yake faɗa ke nan a wasiƙarsa, sura 2, inda ya ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce. Ana yawan haɗa shi faɗa da Bulus, alhali ba mutum ɗaya suke yi wa magana ba. Bulus yana amsa wa mai son ya sayi karɓuwa da aiki. Yakubu yana amsa wa mai cewa ya ba da gaskiya, ya ga ɗan'uwa ba riga ba abinci, ya sallame shi da fatan alheri. Ya ce aljanu ma sun gaskata Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki. Shi ma da Ibrahim ya kafa hujja, sai dai ya tafi Farawa 22, inda Ibrahim ya miƙa Ishaku, shekaru da yawa bayan an lasafta masa adalci. Bulus ɗin ma, bayan ya ce a Afisawa 2:8-9 ta wurin alheri aka cece mu, ba da aiki ba, aya ta 10 ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Mu ne muke haddace biyun farko mu bar ta ukun.

Kada ka ga kamar kai kaɗai abin ya rikita. Ikilisiya ta daɗe tana wannan muhawara, tun farkonta ma a ƙasar Afirka aka yi ta. Agustin, bishop na Hippo, inda birnin Annaba na Aljeriya yake a yau, ya yi jayayya da Pelagiyus, wani malami daga Birtaniya da ke koyar da cewa mutum na da ikon kiyaye umarnin Allah da ƙoƙarin kansa. Majalisar bishop-bishop a Kartaj ta ƙi koyarwar Pelagiyus a 418. Bayan shekara dubu da ɗari, a 1517, Martin Luther ya tayar da maganar a Wittenberg ta Jamus, lokacin da wani mai wa'azi, Johann Tetzel, ke yawo da takardun sassaucin horon zunubi ana saye da kuɗi, wani kaso na tafiya ginin majami'ar Bitrus a Roma. A koyarwa, takardun ba gafarar laifi suke bayarwa ba, amma talaka da ya jefa kuɗinsa a akwati haka ya fahimta. Abin lura, batu na farko cikin batutuwa 95 da Luther ya rubuta cewa ya yi dukan rayuwar mai bi tuba ce. Mutumin da aka fi sani da cewa bangaskiya kaɗai, da tuba ya buɗe baki. Majalisar Katolika ta Trent, a 1547, ta ce babu abin da ya riga baratarwa, bangaskiya ko aiki, da ya cancanci alherin baratarwa, a 1567 kuma Paparoma Pius na Biyar ya soke duk takardar sassauci da ta haɗa da kuɗi. Ranar 31 ga Oktoba 1999, a Augsburg, Cocin Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a kan matsaya ɗaya: ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin ceto na Almasihu, ba don cancantarmu ba, Allah yake karɓar mu, ya ba mu Ruhu Mai Tsarki da ke sabunta zuciya yana kiran mu ga kyawawan ayyuka. Methodist suka amince da ita a 2006. Tarayyar Lutheran ɗin ce ta zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus na LCCN, cocin Lutheran na Nijeriya, shugabanta a 2017. Sauran bambanci na nan. Ɗan Katolika zai je ya furta zunubinsa gaban fada, bisa ga Yohanna 20:23, ɗan ECWA ko COCIN ko Baptist ba haka yake yi ba. Amma da ka kai maganarka gaban fada, shi ma cewa zai yi ka mayar da kuɗin mutane.

A gefe guda, ka yi hankali da irin su Tetzel na zamaninmu. In wani ya ce ka kawo kuɗi, ka shuka iri a hannunsa, don a karya la'anar abin da ka yi, ka tuna amsar da Bitrus ya ba Siman mai sihiri a Samariya, a Ayyukan Manzanni 8, da ya zo da kuɗi yana neman baiwar Allah. Kuɗin da za ka kai masa na matasan ikilisiyarku ne.

Saura horo, wanda na san shi ya fi ci maka rai. Ranar Lahadi bayan sanarwa a karanta sunanka, majami'a ta yi tsit, ka tashi daga inda ka saba zama ka koma bencin baya kusa da ƙofa. Ranar Jibin Ubangiji faranti ya zo layinku ya tsallake ka. Yaran da kake koya wa waƙa su juyo suna kallo. Abu ne mai ɗaci, ba sai an ɓoye ba. Amma gafara da sakamakon aiki ba abu ɗaya ba ne. Da annabi Natan ya tsare Dawuda a kan matar Uriya, a 2 Sama'ila 12, Dawuda ya ce ya yi wa Ubangiji zunubi, nan take Natan ya ce Ubangiji ya kawar da zunubinsa, ba zai mutu ba. Nan take, ba wa'adi. Duk da haka abin da ya shuka ya tsiro a gidansa, ya sha baƙin cikinsa har tsufa. Horon ikilisiya ba kuɗin gafara ba ne, dattawa kuma ba su da ikon tsare gafarar Allah a aljihunsu har wata shida. Amfaninsa shi ne jama'a su ga ba a wasa da amana, kai kuma ka samu lokacin da za a tsaya kusa da kai, a ga tubar ta kama ƙasa.

Haka ya kamata ya zama, ko da yake ba kullum yake zama haka ba. A wurare da yawa horo kan faɗa a kan yarinyar da cikinta ya fito, don nata laifin ba ya ɓoyuwa, mai kuɗin da ya ƙwace gonar gwauruwa kuwa yana bencin gaba ana ba shi shugabancin kwamitin gini. A wani wuri a tura mutum baya a manta da shi, ba mai ziyara, ba mai addu'a tare da shi, har ya gaji ya daina zuwa. Bulus ya hango wannan. A 2 Korintiyawa 2:6-8 ya gaya wa ikilisiya hukuncin da aka yi wa wani mai laifi ya isa, yanzu su yafe masa, su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi, su tabbatar masa da ƙaunarsu. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda ya faɗi da tawali'u, mai komo da shi kuma ya kula da kansa. A ganina, mutumin da ya kawo kansa kafin a gano shi bai kamata a auna masa da mudun wanda aka kama yana musu ba, da ni ke cikin dattawanku da na faɗi haka. Amma tun da sun yanke, ka karɓa, kada ka sauya ikilisiya don guje masa.

Abin da za ka yi yanzu: ka koma wurin Baba Fasto cikin ladabi, ka roƙi a rubuta adadin kuɗin da abin da za ka riƙa biya kowane wata, daidai ƙarfinka, a kuma riƙa ba ka rasit. Kada ka je ka ci bashi mai ruwa don ka wanke sunanka da wuri, rami ne za ka haƙa don cike wani. Ka tambayi tsawon horon da abin da ake so a gani kafin a ɗage shi, ka kuma roƙi a ba ka dattijo ɗaya da za ku riƙa ganawa. Ka nemi gafarar matasan da bakinka, ba tare da jera uzuri ba. Wasu za su yafe nan da nan, wasu sai a hankali, kada ka tsare su da ayar da ta ce su yafe. Riƙon kuɗi kuwa, mai yiwuwa ba za a sake ba ka shi nan kusa ba, kada kuma ka nema. In sun nemi shawararka, ka ce musu a daina ajiye kuɗin ƙungiya a hannun mutum ɗaya, a buɗe asusu a banki da sa hannun mutum biyu ko uku, a riƙa karanta lissafi gaban kowa duk wata.